Ajamin Lauratu

Shafi na 17

Masu cika mini waya da "Malam a ci gaba", na gani. Wadda ta rubuto cewa Armiya'u mugun miji ne, ba ta faɗa masa abin da bai sani ba. Bismillah.

*

Ranar da matata Lauratu ta cika kwana arba'in a ƙasa, na tashi da niyyar ba zan je ko'ina ba. Danginta sun shirya sadaka a Zurmi, gidan yayanta Malam Maiwada. Na aika musu cewa addu'a tana isa daga Kaura ba sai ta hau mota ba. Na yi tawa sadakar a masallacin unguwa, na dawo zaure na ɗora littafi a cinya. Shafi ɗaya na karanta sau huɗu. Na tashi na gyara tabarma, na zauna, na sake tashi.

Wajen sha ɗaya keke ya tsaya a ƙofar gida. Mace ta sauko, hijabi fari, jaka a hammata, takalmi irin na masu yini a tsaye.

Ta durƙusa daga bakin ƙofa.

"Baba, ya haƙuri?"

"Da godiya."

"Allah ya jiƙanta, ya sa ta huta."

"Amin. Daga ina?"

"Daga Gusau. Sunana Naja'atu, ma'aikaciyar jinya ce. Ni nake duba Hajiya Lauratu."

"Hawan jini ne ya kashe ta, kuma a nan Kaura ake duba ta."

"Na sani. Ba don hawan jini take zuwa wurinmu ba."

Ta waiga titi, ta rage murya.

"Sunanka ta bayar a takarda. Ta ce in wani abu ya same ta, kai kaɗai za a yi wa magana."

Na rufe littafin.

Na san ciwon da take nufi. Shekara shida da suka wuce, wata safiya ina ɗaura agogo, Lauratu ta tsaya bayana ta ce wasu ƙuraje masu ruwa suna fito mata a gaba, su fashe, su warke, bayan wata biyu su dawo. Ta ce likita ya kira shi hapis, kuma ya ce ta wurin kwanciya ake samu. Ban zage ta ba. Ban sake ta ba. Ban kuma tambaye ta komai ba. Na ɗauki filona na koma ɗakin littattafai, ban sake kwana ɗakinta ba har aka fitar da ita. A lokacin ina ganin wannan shi ne mutunci. Irin wannan ƙaura kuwa ba ta ɓuya. Matan danginta ba su san ciwon ba, amma sun san na guje ta, kuma shekara shida suna tambayar juna me ta yi.

Na ce, "Ina ji."

"Bara ta shiga wani gwaji da muke yi. Man shafawa ne. Ba ya kashe ƙwayar cutar, ita tana ɓuya cikin jijiya, ba abin da ke fitar da ita. Shi dai yana tsokanar garkuwar jiki ne a daidai wurin, ya tashe ta ta yi faɗa, ko ƙurajen za su daɗe ba su dawo ba. Ko yana yi ko ba ya yi, shi muke son sani."

Na ce, "Rabi a ba su na gaske, rabi a ba su man banza mai kama da shi, kuma daga ku har su ba mai sanin nasa."

"To Baba ka hutar da ni."

"Na karanta. A kan wasu mutane na karanta, ba a kan matata ba."

Duk Talata biyu Lauratu takan ce za ta Gusau gaida ƙawa. Ban taɓa tambayar sunan ƙawar ba.

"Man nan ne ya kashe ta?"

"A'a. An duba takardunta, an kai rahoto, haka ƙa'ida take. Ba a ga alaƙa ba."

"To me kika zo nema?"

"Abu biyu. 'Yar robar man, fara ce kamar ta man goge baki, ba suna a jiki sai lamba. Da kuma littafinta. Kowace mace muna ba ta littafi ta rubuta kullum: ranar da ƙaiƙayi ya fara, ranar da suka fito, guda nawa, ranar da suka bushe. Hajiya ba ta boko, sai muka ce ta yi da ajami, muna da wadda take juya mana. Wata tara ba ta tsallake rana ɗaya ba, Baba. Ba mu da littafi kamar nata."

"Mai shuɗin bango?"

"Shi."

Na ga littafin. Ta gabana ya wuce. Ranar sadakar uku mata suka kwashe ɗakinta, ƙanwarta Kyauta, wadda ke aure a Shinkafi, ta ɗaga katifa ta same shi. Ta buɗe ta ga baƙaƙen Larabci. A wurinmu takardar da ke da irin wannan rubutu ba a barinta a ƙasa, ba a ƙunsa ƙosai a ciki, ba a tsallake ta. Kyauta ta naɗe shi da ɗankwali, ta riƙe da hannu biyu ta fito da shi. Ina zaune a nan inda nake zaune. Na ɗauka addu'o'i ne, na mayar da kai kan abin da nake karantawa.

Na ciro waya na kira Kyauta, na saka a fili don Naja'atu ta ji. Ƙugin mota ya fara amsawa kafin ita.

"Yaya Malam, yau kai ka kira? Lahiya dai?"

"Lafiya. Cikin kayan shafar yayarki akwai wata 'yar farar roba mai lamba."

"Awo, man nan na Gusau. Shina wurina. Kaushi nike shafa mai. Ƙahwata ta yi laushi kamar ta jinjiri."

Naja'atu ta runtse ido. Ta matso kusa da wayar.

"Hajiya, don Allah ki daina shafawa. Ki ɗaure shi a leda ki ajiye inda yara ba sa kaiwa. Zan zo Shinkafi in karɓa."

"Wace ce wagga? Yaya Malam, kwana arba'in ko cika ba su yi ba har ka yi baƙuwa?"

"Ma'aikaciya ce. Littafin nan da kika samu ƙarƙashin katifa, yana ina?"

"Wasiyyar? Tana wurin Yaya Maiwada. Ya ce ba a buɗe ta sai an taru. Yau bayan Azahar za ya karanta ma dangi, maza cikin zaure, mu mata bayan ƙohwa. Ga mu ma bisa hanya. Kai da ka ce ba ka zuwa, ai sai a ba ka labari."

"Wa ya ce wasiyya ce?"

"To mi ce ce? Mace ta ɓoye rubutu ƙarƙashin katihwa, ta mutu. Lissahin adashi ne?"

Na kashe wayar. Na kira Maiwada. A kashe, kamar kullum. Ya daɗe da yanke hukunci cewa waya ta 'yan kasuwa ce.

Na dubi agogo. Sha biyu saura kwata.

Na hango a zuci: zaure cike da kawunnai da 'yan uwa da surukai, mata a bayan ƙofa sun kasa kunne, Maiwada ya gyara murya ya yi bisimilla, ya fara karanto musu guda nawa suka fito ranar Laraba. Na tashi ina neman hula. Tana kaina.

Naja'atu ta miƙe ita ma.

"Baba, in ka same shi, kar a yage ko ganye ɗaya."

"Ƙafar Kyauta ta yi laushi. Wato man banza kuka ba matata, wata tara tana jeka-ka-dawo a wannan hanya."

"Fatar dunduniya ba ta nuna komai. Ban san wanda aka ba ta ba, kuma ba zan sani ba sai an gama. Ita ma ta san haka kafin ta ɗora yatsa."

Na saka takalmi. Ta ce, "Abu ɗaya kuma. Sau uku ta karɓi takardar gwajin jini dominka. Ta kawo maka?"

"Me zan gwada? Ni ban taɓa ganin ko ƙurji ɗaya a jikina ba."

"Yawancin masu ɗauke da shi ba su taɓa gani ba, Baba. Kuma suna bayarwa."

Ta faɗa ne a hankali, kamar mai faɗa wa mutum cewa rigarsa a baibai take.

Littafi dubu da wani abu ne a ɗakin da na koma. Wannan layi ɗaya ban karanta shi ba, don ban neme shi ba.

*

A tasha motar Zurmi saura mutum biyu. Na zauna gaba, na sauka, na zagaya motar, na koma. Da suka cika kuma direba ya ce sai ya kira ɗan uwansa a Dauran ya ji ko hanya lafiya. Ya kira, ba a ɗaga ba. Ya sayi rake. Ya sake kira.

"Direba, Azahar nake so ta same ni a Zurmi."

"Alhaji, kowa na son wani abu ya same shi a Zurmi. Ni so nike in kai ku da ƙahwahunku."

Ƙarfe ɗaya da 'yan mintoci muka tashi. Ba wanda ya yi hira. Gero ya yi tsawo har bakin kwalta, kowa idonsa na cikinsa. Ni kaɗai ne a motar nake tsoron abin da ke gaba fiye da abin da ke gefe.

Ina da shekara talatin da huɗu na yi aure. Shekarun da suka gabaci wannan, waɗanda na yi ina karatu a Zariya, ban saka su cikin labarin nan ba tun shafi na ɗaya, kuma cikinku ba wanda ya lura. Tsakanin Kaura da Dauran na lura da su da kaina.

An idar da salla muka shiga gari. Na hau babur zuwa gidan Maiwada. An shimfiɗa tabarmi a zaure har waje, ƙwaryar fura a rufe a gefe, daga cikin gida ana jin ludayi na bugun tukunya. Maza ba su dawo daga masallaci ba tukuna. Shi kaɗai ya riga su.

Maiwada ya girme ni da shekara goma. Manomi ne mai almajirtar gida, hannunsa kamar faifai. Tun ranar da na nemi ƙanwarsa yake kirana ɗan boko, kuma bai taɓa nufin yabo ba.

Ya dube ni daga hula zuwa takalmi.

"Ashe addu'ar ta hau mota."

Na durƙusa na gaishe shi. Ya amsa a taƙaice.

"Yaya Malam, littafin nan na zo karɓa."

Yana can bisa kanta, an ɗora shi kan gafaka, har yanzu cikin ɗankwalin Kyauta.

"Don mi?"

"Ba wasiyya ba ce. Takardar asibiti ce. Masu ita sun zo nema."

"Kai ka karanta ta?"

Na ɗaga kai na dubi littafin.

"Ka iya?"

Ina karanta Alƙur'ani kamar kowa. Na iya Turanci, na koyar da shi shekara talatin. Har Faransanci na taɓa koya don in ba wani abokin aiki haushi. Ajamin hannu kuwa, wanda ba wasali, na daɗe ina ɗaukarsa abin rubuta suna a jikin buhu.

"Yaya Malam, mutane na tafe. Ka ba ni kawai."

"Zauna."

"Ba zama na zo yi ba."

"Armiya'u, zaure na ne. Zauna."

Na zauna. Ya miƙa hannu ya sauko da littafin, ya warware ɗankwalin a hankali, ya ninke shi, ya ajiye. Kowane ninki sai da na ji shi a wuya.

"Na ce ma dangi ba a buɗewa sai an taru. Amma ni ba ni karanta ma jama'a abin da ban diba ba. Jiya bayan La'asar na buɗe."

Na waiga na dubi ƙofar cikin gida.

"Ganye huɗu na yi na ruhe. Na tahi gona, ban san abin da na je yi ba, na dawo na ƙarasa. Ni na koya mata baƙi da hannuna, tana 'yar shekara shida, nan ga inda kake zaune. Ban koya mata don wanga ba."

Ya lashi yatsa ya buɗe tsakiya. Bai ɗaga murya ba.

"Talata, ƙaiƙayi. Laraba, sun hito, guda huɗu. Na shafa. Wurin ya yi ja, zazzaɓi kaɗan. Na tuƙa mai tuwo, ya ci, bai ɗago ba."

Ya juya ganye.

"Kwana hamsin da biyu ba su dawo ba. Alhamdu lillahi. Na so in hwaɗa mai, shina karatu."

"Ya isa."

"Ya isa? Ni na karanta wata tara, kai layi biyu sun ishe ka?"

Daga cikin gida wata ta yi dariya, na gane muryar Kyauta. Sun iso.

Maiwada ya rufe littafin bisa yatsansa.

"Kwantar da hankalinka. Wagga ba ta jama'a ba ce. Jikin ƙanwata ne. Ko yanka ni za a yi ba ni karanta ma kowa ita."

Na saki numfashi. Na miƙa hannu. Bai ba ni ba.

"Amma Kyauta ba ta yi ƙarya duka ba. Ganye na ƙarshe ta yi mai bisimilla, ta rubuta wasiyya a sama da hannunta. Wasiyya ba a ɓoye ta. Kuma na riga na hwaɗa ma mutane akwai ta."

"Ba ni in gani."

Ya buɗe ya miƙo mini. Layi bakwai ne da shuɗin biro, sun karkata zuwa ƙasa kamar yadda take jera wanki a igiya. Na gane sunan Allah sau biyu. Na gane kalma ɗaya da ta yi kama da Malam. Shekara ashirin da shida haka take kirana, ba ta taɓa kama sunana ba. Sauran duk sun tsaya suna kallona.

Na mayar masa.

"Ɗan boko," ya ce, ba tare da dariya ba. Ya kawo littafin kusa da ido.

"Littahina a maida ma Sista, kar wahalata ta tahi banza, ko wata ta samu sauƙi. Na yahe ma kowa. Abu guda nike roƙo, a hwaɗa ma Malam gaban shaidu, don mata sun yi ta magana kuma ban da bakin amsawa. Shekara shida ina jira ya tambaye ni, bai tambaya ba. To ga amsa. Ban san ɗa namiji ba sai shi, Allah shina gani. Ni ma ban tambaye shi ba."

Ya tsaya.

"Nan ta ƙare."

Ƙuda ya sauka bisa faifan da aka rufe fura. Na bi shi da ido har ya tashi.

"Yaya Malam, in ka karanta wannan, za su tambayi me ya kawo maganar."

"Za su tambaya."

"Za su kai ga ciwon."

"Ba dole ba. Ba ta ambaci ciwo ba cikin ganyen ga. Ta hi ka wayo, ta ruhe kanta da kanta. Wanda bai da sutura cikin layin ga kai ne." Ya dube ni. "Tun da ka shigo kake cewa asirinta. Ka tabbata nata ka biyo da gudu tun daga Kaura?"

Na kawar da ido zuwa bakin zaure.

"Na tambaye ka abin da ita ba ta tambaye ka ba, Armiya'u. Ita ba ta san kowa ba sai kai. To kai fa?"

Na buɗe baki, ban san abin da zai fito ba.

"Kar ka hwaɗa min. Ni mutum guda ne, ita shaidu ta ce. Biyu ne. Ko in karanta kamar yadda ta rubuta, kowa ya tahi gida ya yi tunani nai, su ci gaba da cin namanta cikin ƙasa. Ko kai ka tashi ka wanke ta da bakinka, ka ce laihin ba nata ba ne, ka ce na wa ne. In ka yi haka, littahi naka ne, ka kai ma masu shi."

A waje aka fara zubar da takalma. Ɗaya, biyu, da yawa. Bayan ƙofar cikin gida kuma na ji ana jan tabarma, ana cewa yara su yi shiru.

"Salamu alaikum."

Kawun Lauratu ne, tsoho mai sanda, da mutane a bayansa har bakin titi.

"Wa alaikumus salam, ku shigo," in ji Maiwada. Ya ɗora yatsa kan layi na huɗu, bai ɗauke ido daga kaina ba. "Ga mijinta ma Allah ya kawo shi. Shi za ya hwara."